Ba baki aka yi wa Toronto Maple Leafs ba

Maƙwabcina a unguwar Scarborough ta birnin Toronto a Kanada dattijo ne Bature da ya yi ritaya daga tuƙin motar haya. Yana ɗan shekara tara babansa ya goya shi a wuya, ya kai shi tsakiyar birnin Toronto kallon faretin ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Maple Leafs, bayan ta ci Kofin Stanley, kofin zakarun wannan wasa, a watan Mayun 1967. Yau jikokinsa sun girmi yadda yake a wancan lokacin, kuma ba a sake yin wannan faretin ba. Kai, ko wasan ƙarshe ƙungiyar ba ta sake kaiwa ba.

A falonsa na kalli wasan daren 18 ga Mayu, 2025. Wasa na bakwai ne tsakanin Toronto da Florida Panthers, wanda ya sha kashi ya tattara kayansa. An tashi kashin farko ba ci. A kashi na biyu Florida ta zura uku a jere. Da aka dawo kashi na uku Max Domi ya farke ɗaya, dattijon nan ya miƙe tsaye, hannunsa na rawa a kan sandarsa. Ba a cika minti guda ba Florida ta ƙara ta huɗu. Aka tashi 6 da 1, a gidan Toronto, magoya baya suna ihun takaici, wasu suna cire rigunan ƙungiyar suna jefawa cikin filin. Shi bai jefar da tasa ba. Ya cire ta, ya ninke ta a hankali kamar rigar Sallah, ya ajiye a hannun kujera, sannan ya ce mini shi dai ya gama yarda cewa baki aka yi wa ƙungiyar nan.

Ban yi masa musu a daren ba, don ba a yi wa mai zaman makoki gardama. Amma ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Abin da ya hana Toronto kofi a 'yan shekarun nan aikin mutane ne, ana iya nuna shi da yatsa, ana iya faɗin ranar da aka yi shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba: hokin ƙanƙara ana yin sa ne a kan daskararren fili, kowane ɓangare mutum shida har da mai tsaron raga, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba da sanduna. Minti 60 ne, kashi uku. Gudun ya yi tsanani har ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 a ciki kafin a canja shi, ya huta, ya dawo. Gasar NHL ta Amurka da Kanada tana da ƙungiyoyi 32. Bayan doguwar kaka sai 16 su shiga zagayen fidda gwani, inda ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa da juna har ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai. Zagaye huɗu ne, wato sai ka ci wasa 16 cikin kamar wata biyu kafin ka ɗaga kofi.

Toronto ta ɗaga shi sau 13, Montreal Canadiens kaɗai ta fi ta. Amma a 1967 ƙungiyoyi shida ne kacal a gasar, zagaye biyu ake yi. Kaka mai zuwa aka ninka su zuwa 12, kuma tun daga nan Toronto ba ta sake gani ba. New York Rangers ta taɓa yin shekara 54 tana jira, daga 1940 zuwa 1994, ana ta yi mata gori. Toronto ta wuce wannan. Masoya Liverpool da suka yi shekara 30 suna jiran kofin gasar Ingila sun ɗanɗana rabin wannan ne kawai.

Shekarun farko na wannan fari ba su buƙatar dogon bayani. Daga farkon shekarun 1970 har rasuwarsa a 1990, ƙungiyar tana hannun Harold Ballard, mutumin da ya yi zaman kurkuku saboda zamba, ya kuma ɓata da kusan duk gwarzon da ƙungiyar ta haifa. A zamaninsa aka sayar da Lanny McDonald a 1979, har kyaftin Darryl Sittler ya yanke alamar kyaftin daga rigarsa don fushi. Wannan ba asiri ba ne, mugun shugabanci ne. Sai 1993, da Wayne Gretzky na Los Angeles Kings ya bugi Doug Gilmour na Toronto da sanda a fuska har jini ya fito, alƙalin wasa Kerry Fraser bai hukunta shi ba, shi kuma Gretzkyn ya ci ƙwallon da ta kashe wasan, ya zo Toronto a wasa na bakwai ya zura uku. Wannan kam an cuce su, na yarda. Amma kuskuren alƙali na dare ɗaya ba zai ɗauki nauyin shekaru kusan sittin ba.

Inda maganar take da nama shi ne daga 2016 zuwa 2025, domin a nan ne Toronto ta samu abin da ba ta taɓa samu ba tun 1967. Brendan Shanahan ya karɓi shugabanci a 2014, ya rushe ƙungiyar da gangan, ta ƙare a ƙarshen tebur a 2016, ta samu damar zaɓen farko cikin matasa, ta ɗauki Auston Matthews. Yaro ne da ya tashi a Arizona, ƙasar hamada da zafin rana, inda ƙanƙara sai a cikin gini. A wasansa na farko a gasar ya ci huɗu. Daga baya ya ci 60 a kaka ɗaya, ya sake cin 69 a kakar 2023 zuwa 2024. Ga Mitch Marner ɗan yankin Toronto, ga William Nylander, sannan a 2018 John Tavares, shi ma ɗan gida, ya bar New York Islanders ya dawo da yarjejeniyar dala miliyan 77 ta shekara bakwai. Shekara tara a jere suna shiga zagayen fidda gwani. Cikin shekara taran nan sau biyu kacal suka tsallake zagayen farko: a 2023 da suka fitar da Tampa Bay, wanda shi ne karon farko cikin shekara 19, sai 2025 da suka fitar da Ottawa. Zagaye na biyu kuwa ba su taɓa haye shi ba.

Masu cewa rashin sa'a ne suna da abin riƙewa, kuma ba zan raina hujjarsu ba. A 2021, a wasan farko da Montreal, gwiwar wani ɗan wasa ta sami Tavares a kai, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, bai sake bugawa ba a wannan zagayen. A 2024 Nylander bai buga wasa ukun farko da Boston ba, Matthews kuma ya rasa na biyar da na shida. A 2025 mai tsaron raga Anthony Stolarz ya fita tun wasan farko da Florida bayan an buge shi a kai. Hoki wasa ne da faifai kan bugi ƙafar wani ya karkace ya shige raga, shi ke nan kaka ta ƙare. Wasa na bakwai kusan kamar jefa kwabo ne.

To amma a duba yadda kwabon yake faɗuwa. Toronto ta sha kashi a wasa na bakwai sau bakwai a jere, tun daga na 2013 da take gaba da Boston 4 da 1 a kashin ƙarshe, aka farke, aka cinye ta 5 da 4. A biyar na baya-bayan nan ga sakamakon: 5 da 1 a 2019, 3 da 1 a 2021, 2 da 1 a 2022, 2 da 1 a 2024, 6 da 1 a 2025. Ƙwallo ɗaya tak kowane dare. A 2020 kuma, a wasan raba gardama da Columbus, ko ɗayar ba ta samu ba. Ƙungiyar da aka gina ta kacokan a kan cin ƙwallo, ita ce ke bushewa a daren da ake bukatar ƙwallon. Matthews da Marner sun buga wasa na bakwai sau shida tare, babu ɗayansu da ya ci ko ɗaya. Abin da ya faru sau ɗaya tsautsayi ne. Wanda ya maimaitu haka, da fuska iri ɗaya, ya zama hali, kuma hali yana da asali.

Asalin yana cikin lissafin kuɗi. Tun 2005 gasar NHL ta sa iyaka ga jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya. Toronto ita ce ƙungiya mafi daraja a kasuwa a duk gasar, amma ba ta da ikon kashe ko sisi fiye da ƙaramar ƙungiya a kan 'yan wasa. A 2019 iyakar dala miliyan 81 da rabi ce. Mutum huɗun nan, wato Matthews da Marner da Nylander da Tavares, dukansu 'yan gaba, sun kwashe kimanin miliyan 40. Sauran 'yan wasa wajen ashirin, har da 'yan baya da masu tsaron raga, su raba abin da ya rage. Shugabannin sun yi lissafin cewa iyakar za ta riƙa hawa kowace shekara, nauyin ya ragu. Sai annobar korona ta zo, iyakar ta tsaya cak har kaka uku. Wannan ba laifinsu ba ne. Laifinsu shi ne sun ga lissafi ya rushe, suka ci gaba da tafiya a kansa.

A tsakiyar kaka wannan tsari yana aiki, domin yau kana wasa da wannan, jibi da wancan, ba wanda ya zauna ya yi nazarinka. A zagayen fidda gwani kuwa abokin karawa ɗaya ne har mako biyu. Kocinsu ya san inda ƙwallayenka suke fitowa, sai ya ɗaura wa taurarinka mafi ƙarfin 'yan bayansa, a toshe tsakiya, a yi ta gugar su da bango. Alƙalai ma sukan sassauta busa. A irin wannan yanayi ƙwallo takan fito ne daga layi na uku ko na huɗu, wato 'yan gaban da ke karɓar taurari in sun fita hutawa, daga mutanen da ba a buga hotonsu a allon talla. Florida ta kashe Toronto a 2025 da layinta na uku, wanda Brad Marchand ke ciki yana ɗan shekara 37. Shi wannan Marchand sau biyar yana fitar da Toronto a wasa na bakwai, huɗu da Boston, ɗaya da Florida.

Irin waɗannan mutanen Toronto ta samu, ta kasa riƙewa. Zach Hyman, mai shiga gaban raga ya sha duka, ya tafi Edmonton a 2021, ya je ya ci 54 a kaka guda. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Nazem Kadri, Musulmi ɗan asalin Labanan da aka haifa a garin London na Ontario. Yana da zafin zuciya, an dakatar da shi a zagayen fidda gwani na 2018 da na 2019, duka a kan Boston, kuma hakan ya cutar da ƙungiyar ƙwarai. Aka sayar da shi ga Colorado a 2019. Can ma an dakatar da shi a 2021, amma suka riƙe shi. A 2022 ya dawo daga tiyatar babban yatsa, ya ci ƙwallon nasara a wasa na huɗu na zagayen ƙarshe, ya zama Musulmi na farko da ya ci Kofin Stanley, ya kuma ɗauki kofin ya kai shi masallacin garinsu. Ba ina cewa da an riƙe shi da an ci kofi ba. Ina cewa duk lokacin da aka sha kashi, a kan na gefe ake hucewa. An kori koci Mike Babcock a 2019, an kori Sheldon Keefe a 2024, an canja masu tsaron raga ɗaya bayan ɗaya, amma mutum huɗun nan ba a taɓa su ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wata hujja da 'yan jarida ke so: wai matsin lambar Toronto ya fi ƙarfin ɗan Adam, kyamarori sun yi yawa, kowane kuskure sai an kwana ana tattauna shi a rediyo. Matsin gaskiya ne, na gani da idona yadda filin kan yi tsit da zarar an zura musu ɗaya, kamar mutum dubu goma sha tara sun riga sun san ƙarshen labarin. Amma a wannan gini dai, ƙarƙashin kamfani ɗaya, akwai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors, wadda ita ma aka daɗe ana ce mata mai rawar jiki in an zo fidda gwani. Shugabanta a lokacin shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, a can ya fara wasan. A 2018 ƙungiyarsa ta ci wasa 59, mafi yawa a tarihinta, sai Cleveland ta LeBron James ta share ta wasa huɗu ba ko ɗaya, karo na uku a jere tana fitar da ita. Ujiri bai ce a ƙara haƙuri ba. Ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon koci. Ya ɗauki DeMar DeRozan, ɗan wasan da birnin ya fi ƙauna, wanda shi ma yake ƙaunar birnin, ya ba da shi ya karɓo Kawhi Leonard, mai fama da rauni, wanda shekara ɗaya ta rage a yarjejeniyarsa. An zage shi. A watan Yunin 2019 aka yi faretin kofi a titunan da maƙwabcina yake jira a yi na hoki. Na san wasannin biyu ba ɗaya ba ne: tauraron ƙwallon kwando yana iya buga minti 40 cikin 48, na hoki bai cika wuce sulusin wasa ba. Amma birni ɗaya ne, 'yan jarida ɗaya, masu kuɗi ɗaya. In da baki ne a kan garin, da ya kama su duka.

A cikin hokin ma akwai misali, kuma mai ciwo. Florida ta fi kowa maki a kakar 2021 zuwa 2022, sai Tampa Bay ta share ta a zagaye na biyu. Cikin wata biyu ta canja koci, ta kuma ba da Jonathan Huberdeau, wanda ya tara maki 115 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci) a wannan kakar, ta karɓo Matthew Tkachuk daga Calgary. Ta kai wasan ƙarshe a 2023, ta ci kofi a 2024, ta sake ci a 2025. Kocin da ta ɗauko, Paul Maurice, tsohon kocin Toronto ne.

Toronto ta samu irin wannan mararrabar a watan Mayun 2023, bayan Florida ta fitar da ita cikin wasa biyar. Manajan ƙungiyar, Kyle Dubas, ya fito ya nuna cewa a shirye yake ya duba kowace irin shawara, har da taɓa manyan. Cikin 'yan kwanaki aka sallame shi. Ranar 1 ga Yulin wannan shekarar wani sharaɗi a yarjejeniyar Marner ya fara aiki, wanda ya hana a sayar da shi sai da yardarsa. Ƙofar ta rufe. Shekara biyu bayan haka Marner ya tara maki 102, yarjejeniyarsa ta ƙare, ya tafi Vegas a kan dala miliyan 96 na shekara takwas, Toronto ta samu ɗan wasa guda na tsaka-tsaki, Nicolas Roy, a madadinsa. Shanahan ma ya tafi a wannan bazarar. An yi abin da ya kamata, amma bayan farashinsa ya zube. Ni a wurina waɗannan makonni shida na 2023 sun fi wasan 2013 da na 1993 tsada.

Masu goyon bayan haƙuri za su kawo Washington, wadda ta riƙe Alex Ovechkin shekara da shekaru ana fitar da ita a zagaye na biyu, har ta ci a 2018 a kakarsa ta 13. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cikin masu cewa a watsar da kowa. Ɗan wasa irin Matthews ba a samunsa a kasuwa. Amma Washington ba ta zuba rabin kuɗinta a kan 'yan gaba huɗu ba. Kuma in ka bi jerin zakarun shekarun nan, kusan kowacce tana da ɗan baya na gani na faɗa: Duncan Keith a Chicago, Drew Doughty a Los Angeles, Victor Hedman a Tampa Bay, Cale Makar a Colorado, Alex Pietrangelo a St. Louis da Vegas. Tun da aka fara ba da kyautar gwarzon ɗan baya a 1954, babu ɗan Toronto ko ɗaya da ya taɓa cin ta. Wannan giɓin ya girmi Matthews, ya girmi Shanahan.

To za su iya? Za su iya, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Gasar an tsara ta ne yadda tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta goma ba ta da yawa. St. Louis tana ƙarshen tebur a farkon Janairun 2019, a watan Yuni ta ɗaga kofinta na farko bayan shekara 52, kuma kocin da ya yi wannan, Craig Berube, shi Toronto ta ɗauko a 2024. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta zo ta ɗaya a rukuninta, ta kai zakarun gasar har wasa na bakwai, abin da babu wata ƙungiya da ta yi wa Florida a wannan shekarar. Iyakar albashi ma ta fara hawa sosai, daga miliyan 88 zuwa 95 da rabi a 2025, Tavares kuma ya amince ya zauna a kan ƙasa da rabin tsohon albashinsa.

Sai dai ban yarda cewa tafiyar Marner kaɗai ta gyara komai ba. An cire maki ɗari daga ƙungiya, ba a mayar da kwatankwacinsa ba. A watan Maris na 2025 an ba da damar zaɓen matasa ta zagayen farko har biyu don a sayo 'yan wasan cike giɓi, wato rumbun da za a sayo babban ɗan baya da shi ya yi ƙasa. Yarjejeniyar Matthews za ta ƙare a 2028, yana ɗan shekara 30. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar tafiyar ta kusa. Abin da nake so in gani shi ne shugabanci mai iya yanke shawara mai zafi tun tana da amfani: in akwai wanda za a bayar a samo ɗan bayan da zai riƙe minti 25 a dare, a bayar, ko da sunansa ne a bayan rigunan rabin yaran garin. In kuma an duba an ga wannan zubin ba zai kai ba, a faɗa wa mutane gaskiya, a sake gini tun manyan suna da daraja a kasuwa. Mutanen Toronto sun jure rushewar 2016 ba tare da sun gudu ba, za su jure wata.

Na faɗa wa maƙwabcina duk wannan bayan wasu makonni, muna zaune a barandarsa. Ya saurare ni har ƙarshe, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya dai ce babansa ya rasu yana jira, shi kuma yanzu shekararsa 67. Da kaka ta zagayo a watan Oktoba, na hango shi ta taga ya ɗauko rigar nan da ya ninke, ya sa, ya zaunar da ƙaramin jikansa kusa da shi.